Irin da muka ba gara

Shekarar da Jamusawa suka raba wa gidajen Zangon Sokode irin wani itace nasu mai faffaɗan ganye, babana ya kusa barin gari. Mahauci ne shi, ko barkono bai taɓa shukawa ba. Amma dogarinsu ya faɗa da babbar murya: gidan da irinsa bai tsiro ba kafin damina ta yi nisa, maigidan zai kwanta a yi masa bulala a bainar jama'a.

Irin kuwa kamar tsakuwa da aka sa wa rigar gashi. Baba ya ja fangali ya binne wasu, ya yi ta ban ruwa har sati uku, shiru. Ya daina cin tuwo. Ni kuma haushi ya ishe ni, kullum sai na tsaya kan fangalin na zagi irin.

Kakata ta wajen uwa, mutuniyar garin Dapawan da ta girma a gona, tana ganin komai tana taɓe baki. Ita da Baba kunyar surukuta ta hana su haɗa ido, balle ya tambaye ta. Rannan ta fizge ni.

"Ke ja'ira, kwaso sauran irin, ka biyo ni."

Haka Hausarta take, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta.

Ta kai ni wani suri a bayan gari, ta sa na durƙusa na ɓare gefensa da hannuna. Gara ta watso, farare, laushi kamar dafaffiyar shinkafa. Ta nuna mini hanyoyin da suke ginawa da laka don kada rana ta taɓa su, da yadda suke cin busasshen kara su bar ɗanyen ganye.

"Zuba a nan, ka rufe da ciyawa."

"Kaka, cinyewa za su yi! So kike a kashe Baba?"

"Riga za su ci. Haƙorinsu bai kai ƙwallo ba."

Na zuba ina kuka, don shi ne irinmu na ƙarshe. Bayan kwana goma muka tone. Kowane ƙwallo ya fito tsirara, sumul, ba ko huji. Muka jiƙa, muka shanya, muka sake jiƙawa, sannan muka shuka. Ranar da na ga ganye biyu sun ɗago ƙasa, ihun da na yi sai da kaji suka watse.

Da Bajamushe mai duba shukar ya zo a kan doki, ya leƙa fangalinmu, ya ga tsiro ya wuce. Baba ya zame ya zauna a ƙasa. Can ya yafito ni, kansa a sunkuye, ga Kaka tsaye taku uku daga inda yake.

"Je ki gaya wa kakarki, na ce ta rufa mini asiri."