Ranar da Kakana Ya Shiga Taɓo

Shekaranjiya maƙwabcina ya babbake kan akuya a ƙofar gida. Kowa ya toshe hanci ya yi nesa, ni kuwa na jawo kujerata na matso. Su ƙauri suke ji. Ni abin da nake ji shi ne fatar ganga a bakin wuta da sanyin safiya, ga kakana tsugune yana juya ta kamar mai gasa masara, yana ɗan ƙwanƙwasa ta da yatsa, yana kara kunne ya ji ko ta farka.

Kafin mu yi nisa, mai karatu, bari in gaya maka matsayina don kada ka raina ni. Aji uku cur na yi a makarantar boko. Da na ga ina neman ƙarar da ilimin ban rage wa na baya komai ba, sai tausayi ya kama ni, na fito na bi ganga. Saboda haka in ka tarar wani harafi ya ɓace a rubutun nan, ka nemo shi da kanka, ni na yi nawa.

Gidanmu gidan makaɗan noma ne, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Idan mutum ya kira gayya, ya tara samari su yi masa huɗa rana guda, mu ake aika wa goro. Mu huɗu muke tafiya. Kaka ke riƙe da babbar ganga. Baffa, ƙanin mahaifina, shi ne mai waƙa da kirari. Ni ke buga kazagi, 'yar gangar nan da ake ratayawa a wuya, mai murya kamar yarinyar da aka taka wa ƙafa. Na huɗunmu jaki ne, kuma in za a faɗi gaskiya ya fi mu sanin hanya. Duk gidan da aka taɓa ba shi dusa shekarun baya, ba sai an ja shi ba, da kansa zai karya kwana ya tsaya a ƙofar zaure yana jiran a yi masa maraba.

Da ruwa ya zauna muke fita, ba ma dawowa sai dawa ta rufe mutum. Ban san yadda zan kwatanta maka daɗin tafiyar nan ba. Ƙasa tana ƙamshi, ciyawa tana jiƙa mana ƙafa, in mun zo rafi Kaka ya ɗora ganga a ka, ya ce in ruwa zai ci wani ya ci ni, jika ana samu, fatar nan kuwa ba a samun irinta. Ni kuma in ce masa ya bi a hankali, in ya nutse ni zan gaji tsohuwar da ya bari a gida. Kowane ƙauye da bakinsa. Wani gari dambunsu ya fi, wani furarsu, wani kuma ba su da komai sai fara'a, sai mu kwana ɗaya mu wuce. Muna da masauki har a gidajen Maguzawa, inda mata ke shiga gayya da garmarsu su ƙure maza, a kuma kawo mana namu kunun a ƙwarya daban, a ce, "Wannan na masu salla ne, ku sha ba fargaba."

Kiɗan noma ba hayaniya ba ne, ko da yake daga nesa haka za ka zata. Kaka ba ya kallon gwarzon da ke gaba. Bayan wanda ya fi kowa rauni yake kallo, ya daidaita bugun gulansa da shi: a ɗaga garma, a sara, a jawo, a yi gaba. Sai ya ga ragon ya shiga sahu sannan ya riƙa ƙara wuta kaɗan-kaɗan, har mutum ya gama kunya goma yana zaton uku ya yi. Duk saurayin da ya tashi a ƙasar nan jikinsa ya haddace wannan kiɗan. Ko barci yake yi ka buga masa, ƙafarsa sai ta yi gaba.

Sai ruwan madatsa ya zo. Aka yanka ƙasa da kanal, wato magudanan ban-ruwa, rani ya zama kore, gonakin dawa suka koma fangali-fangali, alkama da tumatir da shinkafa suka shigo. Mutane suka samu, ban ce ba su samu ba. Amma goronmu ya ja baya. Wata daminar sai mu yi kwana huɗu muna tafe ba wanda ya kira mu, jaki ya tsaya a ƙofar zaure a ce masa masu gidan suna bakin ruwa.

A irin wannan tafiya ce Baffa ya yi magana, muna zaune a gindin wata tsamiya. Surukinsa ya ba shi fangali biyu.

"Baba," in ji shi, "ni fa na gaji da yi wa iska waƙa. In wannan karon ma ba ta yi ba, zan koma in kama noma."

Kaka ya ci gaba da shafa fatar gangarsa. Ni kuwa na shiga lissafi. Ganga ba mawaƙi ba ta zuwa ko'ina, Kaka zai rataye ta a ɗaki ke nan. Ni kuma mahaifina ya riga ya faɗa, ranar da aka daina yawo, ranar zan koma aji uku, wurin malamin nan mai dorina wanda muka rabu ba sallama.

Kwana biyu bayan haka goro ya same mu daga wani Sarkin Noma a wajen Kadawa, aminin Kaka tun suna samari. Gayya ya kira, amma ba ta huɗa ba, ta dashen shinkafa. Kaka ya gyara hula ya ce noma ai noma ne.

Mun isa da hantsi. Fangali cike da ruwa har ƙauri, samari wajen talatin a jere, kowa da damin iri a hannu. Ga wani malamin gona da dogon takalmin roba, ya ja igiya mai ƙulli-ƙulli daga wannan baki zuwa wancan, a kowane ƙulli ake dasa iri. Can gefe an kafa sanda an rataye rediyo, yana shiru dai tukuna, amma ni na ga yadda yake hararar gangarmu.

Kaka ya saɓa ganga, ya saki kiɗan huɗa. Baffa ya ware murya. Ni ma na shiga da kazagi iya ƙarfina.

To, ga abin da ba wanda ya gaya mana, mu ma ba mu tambaya ba. Mai huɗa gaba yake yi. Mai dashen shinkafa kuwa da baya yake tafiya, don kada ya taka abin da ya dasa. Da kiɗa ya shiga jikin samarin nan, sai kai ya ce baya, ƙafa ta ce gaba. Rabinsu suka afka kan irin da suka dasa suka tattake, rabi suka ja baya suka ci karo da na kusa. Wani ƙato ya nemi ya yi tsallen da ake yi a kan kunya, taɓo ya riƙe masa ƙafa ɗaya, ya tafi rub da ciki ya tafi da mutum uku. Igiya ta nannaɗe wuyan wani. Iri ya tashi yana yawo a kan ruwa kamar an zubar da ganyen miya. Mata masu kawo fura suka sauke ƙore suka riƙe ciki.

Malamin gona ya fito yana ɗiga. "Ranka ya daɗe," ya ce wa Sarkin Noma, "a zaɓi ɗaya, ko ganga ko shinkafa."

Sarkin Noma ya zo wurin Kaka, ya kasa haɗa ido da shi. "Sarkin Kiɗa, ku ɗan huta a inuwa, ga fura nan za a kawo."

Duk makaɗi ya san ma'anar a ba shi fura rana ba ta take ba. Aka murɗa rediyo. Baffa ya je ya fara ɗaure wa jaki mangala. Ni kuma na fara jin ƙamshin alli.

Kaka ya zauna a bakin fangali, furar tana gabansa bai taɓa ba. Ya daɗe yana kallon bayan mutane. Can sai ya miƙe, ya cire hula ya ɗora mini a ka, ya tuɓe riga, ya naɗe wando har cinya. Ka sani, mutumin nan ya shekara arba'in yana sa mutane noma, amma ban taɓa ganin ya tsinke ko ciyawa ba. Tafin hannunsa kamar na jariri, ban da inda gula ya yi kanta.

"Baba, me za ka yi?" in ji Baffa.

"Tambaya zan yi," in ji Kaka, ya zura ƙafa.

Wuri ya ɗauki ihu. Wata tsohuwa da ke cirar iri, wadda ta san shi tun da can, ta miƙa masa dami ta tsaya a kansa. "Kai tsoho, ba rijiya aka ce ka haƙa ba! Yatsa uku, ka tura, ka saki. Kai, wannan ka shaƙe shi. Wa ya aure ka da wannan hannun?"

Ya dasa, ya ja baya. Ya dasa, ya ja baya. A layi na uku ya zauna daɓas a ruwa, sai gemunsa kawai ke sama. Aka ɗaga shi, ya ce a sake shi bai gama ba. Matsattsaku ya kama shi a ƙauri, ya ce a bar shi shi ma baƙo ne. Na lura bakinsa yana motsi, kansa yana ɗan gyaɗawa. Layi bakwai ya yi, sannan ya rarrafo waje, baya a tanƙware kamar lauje.

Ko hannu bai wanke ba ya ce in miƙo ganga. Ya ajiye gula, ya sa tafi. Bugu uku ya yi masu taushi, sai ya yi shiru. Ya sake uku, ya sake shiru. Na ɗauka mantuwa ya yi, na cusa kazagi a wurin. Ya make mini ƙeya.

"Kai, ɗan boko, inda na yi shiru nan ƙafa take fita daga taɓo. Ba a gaggauta ta. Kada ka cika mini wurin."

A duk rayuwata ba a taɓa ba ni aiki mai wuya kamar yin shirun nan ba.

Na kusa da mu ne suka fara kamawa. Dasa, dasa, dasa, sai ka ji ƙafafu sun zaro tare, cwaɗ, a daidai wurin da ganga ta bari. Sahu ya miƙe. Malamin gona ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tarar hannunsa ya riga ya matsar da igiya a kan kiɗa. Mai rediyo da kansa ya je ya kashe abinsa.

Baffa yana tsaye da igiyar jaki a hannu, ya juya mana baya. Amma mawaƙi ya ga ubansa da wando shaɓe-shaɓe da laka, ga kiɗa yana tafiya ba kowa a kansa, yaya zai yi da bakinsa? Na ga kafaɗarsa tana rawa. Sai kawai muka ji:

"Wa ya ga tsoho a fangali,
wando ya sha, gemu ya sha!"

Samari suka amsa, "Ja ƙafa, dasa!" Mata suka saki guɗa. Kaka ya ce, "Ɗan banza," amma bai fasa bugu ba, hawaye na bin laka a kumatunsa, ya ce wai ruwan fangali ne.

Kafin la'asar an gama gonar, layi kamar an ja da zare. Ban ga lokacin da Baffa ya kwance mangala ba. Da muka zauna cin tuwo, mutum uku suka ajiye goro a gaban Kaka. Baffa ya ɗauki ɗaya ya fasa, ya ce, "Gobe ta ina za mu fara?" Fangalinsa ya riƙa nomawa da rani, amma damina tamu ce har Allah ya karɓi ran Kaka. Muka bi kanal gari-gari, jaki ya koyi sababbin zauruka.

Kwana uku Kaka ya yi a kan jaki ba ya iya miƙewa. Amma daga ranar, duk inda ake zancen shinkafa sai ya gyara murya ya ce, "Mu manoma..."

Yanzu ba gayya. 'Yan ƙwadago ake ɗauka, kowa da waya a aljihu da igiyarta a kunne, mutum ashirin a fangali ɗaya da kiɗa ashirin. Ba zan zagi zamani ba, shinkafarsa nake ci, kuma tafiyar da muke yi kwana uku yanzu babur yana yi kafin shayi ya huce. Sai dai ba ka ƙara jin ƙafafu sun fita tare.

Daminar bara jikata ta matsa mini wai in buga mata kiɗan dashe ta ɗauka a waya, ƙawayenta ba su yarda akwai shi ba. Na gwada a tsakar gida, ya ƙi fita. Na ce a kai ni bakin ruwa. Na tuɓe takalmi na shiga, tana ihu, "Kaka, za ka karye!" Layi biyu na yi, samari biyu suka zaro ni kamar rogo. Na zauna da lakata na buga, ya kuwa fito. Da ta kunna mini na saurara, sai na ji komai yana nan yadda tsohon ya bar shi, bugu uku da shiru. Shirun ne kawai ya ƙara tsawo.