Tulun Irin Baba

Na karanta labarin sarakunan da suka tsare birane, amma ban ga wanda ya kai Babanmu tsaro ba, shi kuwa tulun irin dawa kawai yake gadi. Jiya a kasuwar Mafara na ga toka a hannun mai sayar da iri, sai Baba ya faɗo mini a rai.

Lokacin aikin madatsar ruwan Bakolori aka ce kada mu yi shuka sai an gama baje gonaki. Damina ta wuce, wata ta biyo, rumbu ya zama wayam. Kowace Juma'a Baba yakan buɗe tulun, ya cusa hannu cikin tokar da ke korar ƙwari, ya shinshina, ya liƙe.

Ranar da ƙanwata ta kasa tashi, Inna ta durƙusa gabansa. "Malam, ko mudu guda. Ɗiyanka sun galabaita."

"Wanga ba tuwo ba ne, gonarsu ce," in ji shi. Ya fita da rigarsa ta Idi ya sayar, ya dawo da garin rogo.

Allah ya jiƙansa, ya ba shi gonar da ba a hana shuka. Ya rasu kafin a sallami filin. Da dawar tulun aka yi wa masu ta'aziyya kunu.