Allon Shagon Auta

Shekara talatin da huɗu Mai Fenti ya yi yana rubuta wa mutane allon shago. A layin kasuwarsu, daga mai kemis har mai faci, da wuya ka ɗaga kai ba ka ga aikin hannunsa ba. Ga shi da tsiyar tsantseni: harafi ɗaya ya karkace, ko mai allon ya rantse ya yi masa, sai ya shafe da fari ya sake. Abokinsa kafinta, wanda ke yanka masa katako, kan ce ko likita ba ya yi wa majinyaci irin wannan bin ƙwaƙƙwafi.

Wata safiya yana wanke burushi da kananzir, burushin ya suɓuce. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun dama ya ce bai san zancen ba. Sati uku ya yi a asibiti, aka sallamo shi da shanyewar ɓarin jiki, ƙafa tana ja, hannun yana reto kamar na aro. Aka saki shagon, aka kwaso gwangwanayen fenti aka jibge a bayan ƙofa.

Wata biyu yana zaune a kujerar roba, fuska ga bango. 'Yan dubiya su zo su yi ta zuba masa haƙuri, wai ai ya yi aiki, yanzu lokacin hutu ne. Hutun me? Mutumin da ko ranar da babu ciniki sai ya je ya jera burusansa? Baƙin ciki ne kawai ke cinsa, matarsa tana gani, ta rasa ta inda za ta ɓullo masa.

Autarsu ce ta yi ƙarfin halin. Ta gama koyon ɗinki, ta kama shago, saura wata uku ta buɗe. Ta zo ta durƙusa gefen kujerar.

"Baba, allona fa? Tun ina firamare ka yi min alkawari."

Uwar ta zabga mata harara. Shi kuwa ya dubi hannunsa na hagu ya daɗe, sannan ya ce a miƙo masa alli.

Da daɓen tsakar gida ya fara, ya koma tsofaffin jaridu, kafin ya yarda ya taɓa katako. Abin tausayi, wallahi. Mai rubutun allo da ɗan ƙaramin yatsa yake dogarawa a jikin katako don hannu ya tsaya, to na hagu bayan burushi yake bi, duk harafin da ya rubuta sai yatsan ya bi ta kansa ya dame ɗanyen fentin. Ranar da ya ɓata katako na uku ya yi jifa da burushin, ya yi kuka irin na manya, ba sauti. Washegari da kansa ya ja ƙafa ya ɗauko shi daga ƙarƙashin benci.

A sati na shida dabara ta zo masa. Ya zana kalmomin da alli tukuna, sannan ya fara shafa fenti daga harafin ƙarshe yana dawowa baya, yatsan yana tafiya a busasshen wuri. Damewa ta ƙare. Ranar ya ci abinci har da neman ƙari.

Sai dai mutanen gidan sun yi masa wani laifi cikin ƙauna. Komai ya rubuta, sai a ce ma sha Allah, ai ya fi na da kyau. Kafinta ne kaɗai ke leƙowa ya ce har yanzu haruffan nan tafiyar 'yan maye suke yi, su yi ta musu, kuma da shi kaɗai Mai Fenti ke dariya.

Saura kwana huɗu a buɗe shago ya gama allon, shuɗi a kan fari. Ya sa aka jingine shi a bango, ya ce Auta ta kama masa hannu su je bakin ƙofar gida, don ba a shari'ar allo daga kusa. Ya juyo ya duba. Haruffan duka sun kwanta gefe guda kamar iska ta hura su. Auta ta ce ita ya yi mata, a haka za ta kafa shi, duk wanda bai so ba ya kau da kai.

"Ki je wurin masu inji su buga miki na roba," in ji shi. "Ban taɓa barin karkataccen allo ya fita daga hannuna ba. Ba a kanki zan fara ba."

Ta yi kuka, ta yi magiya, ta haɗa shi da uwarta. Bai sauya ba. Ranar buɗe shago aka kai shi a mota, ya sa albarka, ya ɗaga kai ya dubi na robar yana sheƙi.

Da suka dawo gida ya ce matarsa ta buɗe masa gwangwanin fari. Ta tambaye shi na wa kuma zai rubuta, tunda an riga an kafa wancan.

"Wancan damina biyu zai yi ya koɗe. Kin ga ina da damina biyu ke nan."

Ya shafe allon, ya koma kan jaridu. Kullum bayan karin kumallo yana nan sunkuye, harshe a gefen baki, yana jan layi ɗaya sau ɗari.

Damina ɗaya ya samu. Ciwon ya dawo wata ranar Laraba da hantsi, bai kai la'asar ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, kafinta ya shigo kwashe sauran katakon. Ya tarar da allon a jingine, rabin dama ya sha shuɗi, rabin hagu zanen alli ne kawai. Ya ja da baya har bakin ƙofa, ya runtse ido ɗaya, ya daɗe a tsaye. Sannan ya kira Auta, ya ce mata waɗannan haruffan kam sun miƙe.