Matar da Aka Sa Ta Tsallaka Yaro

A shekarar da soja suka fara miƙa wa farar hula mulki, muna haya a unguwar Gyadi-Gyadi a Kano, ina 'yar firamare. Ƙofar gidanmu kullum cike take da maza sun kewaye rediyo, wannan ya ce an yi maguɗi, wancan ya ce sharri ne. Mu yara ba ruwanmu. Da an yi magariba an sauke tuwo, sai mu zagaye murhun Inna Dije, kakata ta wajen uba, mu da Ladi, 'yar Malam Yohanna, malamin makaranta daga kudancin Kaduna da ke ɗakin kusa da namu.

Ran nan gardamar waje ta yi zafi, wani ya ɗaga murya ya ce, "Ai kowa ya san ɓarawo ne!" Inna ta dakata da iza wuta. Ta ce, "Kowa. Wannan Kowan ya kashe mutane da yawa." Sai ta ce mu matso, ga wata tatsuniya nan, amma ba ta dariya ba ce.

Wata mata ce wai ita Tasalla, baƙuwa a wani ƙauye. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, tana sana'ar daddawa. Wata rana ta ga ɗan maƙwabciyarta yana wasa, ta shafa kansa ta ce tubarkalla, yaro ya yi ɓulɓul. Kashegari zazzaɓi ya kwantar da shi, har yana sambatu.

Uwar yaron ta raɗa wa ƙanwarta, "Ni dai ina zargin matar nan." Ƙanwar ta kai bakin rijiya ta ce, "Ana zarginta." Kafin la'asar kalmar zargi ta ɓace, sai dai ka ji "mayya ce".

A nan Inna ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Ku lura. Mai zargi bai tabbatar ba, shakka yake. Tuhuma kuwa, a kira ka gaban manya a tambaye ka, ka buɗe baki ka kare kanka. Ita ko tuhumar ba ta samu ba. Ƙazafi aka yi mata, aka laƙa mata abin da ba ya wankuwa."

Ladi ta ce, "Inna, me ya hana ta rantse?"

"Ta rantse, 'yar nan. Suka ce ai dama mayu sun fi kowa iya rantsuwa."

Aka jawo Tasalla, aka shimfiɗa yaron a tsakar gida, aka ce ta tsallaka shi ta saki kurwarsa. Ta ce in ta tsallaka ai ta amsa laifin ke nan. Samari suka ɗauko sanduna. 'Yarta na riƙe da zanenta tana kuka. Ta ɓanɓare hannun yarinyar, ta tsallaka. Da yamma yaron ya cika, suka ce ta riga ta cinye shi.

Na ce, "Da ya warke fa?"

"Da sun ce ta ji tsoro ta sake shi."

Tasalla ta ja 'yarta suka bar garin ko tabarma babu. Bayan tafiyarsu yara suka ci gaba da kwanciya, don ciwon a ruwan rijiyar yake. Ba wanda ya bi ta neman gafara. Sai dai duk yamma, in iska ta kaɗa, warin daddawa yakan taso daga kangon gidanta ya cika garin, alhali ba mai dafa kalwa a ciki. Mutane su yi ta rufe ƙofofi.

Muka tambayi inda Tasalla ta tafi. Inna ta rufe garwashin da toka ta ce, "Nan tatsuniyar ta tsaya." Na daɗe ba na iya jin warin daddawa gabana bai faɗi ba.

Inna ta rasu kafin in yi aure. A shekarar da soja suka sake komawa bariki, ina zaune a Tarauni na haihu, Goggo Hajara, ƙanwar mahaifina, ta zo yi min wankan jego. Wata yamma ta ji ina ba manyan yarana labarin Tasalla. Ta bari suka tashi, sannan ta ce, "Ke, wa ya ce miki tatsuniya ce? Tasalla kakata ce. Yarinyar da ta riƙe zanen, Inna ce."



Ta ce, "Duk zamanta a Gyadi-Gyadi, kin taɓa ganin ta ɗauki jaririn wani?"

Na yi ta lalube a raina, ban samu ko sau ɗaya ba. In ana suna a maƙwabta, daga bakin ƙofa take yin barka, ba ta leƙa fuskar jariri, ba ta cewa ya yi kyau. Mu jikokinta kaɗai take goyo. A da na ɗauka kunya ce irin ta tsofaffi.

Shi ya sa yanzu in magana ta iso kunnena da "ana cewa", nakan ji nauyin in miƙa ta gaba. Mutanen ƙauyen nan wataƙila sun manta da abin da suka faɗa kafin damina ta zagayo. Ita kuwa yarinyar ta girma, ta tsufa, ta mutu a Kano, hannuwanta ɓoye cikin mayafi.