Ranar da Glenys Ta Shanya Mijinta

Shekara ashirin da bakwai Glenys Penhall ta yi tana wanke hoton ƙashi a ƙaramin asibitin yankinmu. Duk wanda ya taɓa faɗowa daga doki ko tsani a garinmu Burra, ta san haƙarƙarinsa. Da aka kawo kwamfuta aka rufe ɗakin duhun da ake wanke hotunan, sai ta yi ritaya, amma hancinta ya ƙi sabawa da iskar da babu warin sinadari.

Kyamara kuwa ba ta taɓa mallaka ba, wai akwatin malalata ne. Ta toshe tagar ɗakin wankinta da baƙar leda, ta rataya jan ƙwan lantarki, ta kwaso tsofaffin takardun hoto daga wani shago da ya rufe a birnin Adelaide. Za ta shimfiɗa takarda cikin duhu, ta ɗora abu a kai, ta kunna fitila daƙiƙa uku, sannan ta tsoma a ruwan wanke hoto. Inda abin ya rufe ya fito fari fat, saura baƙi ƙirin. Cokula suka fara ɓata a gidan, sai ƙayar kifi, sai raga ta taga. Wata safiya mijinta Athol, tsohon mai askin tumaki, ya zauna gaban gasasshen burodi har ya huce, yana jiran a gama ɗaukar hoton haƙoransa na roba.

Ni Noelene, shinge ɗaya ya raba gidana da nasu, don haka abin da ya biyo baya da idona na gani.

Glenys ta gano cewa tsohuwar takarda, in aka bar ta a rana ta daɗe, tana rinewa da kanta, ja-ja da shuɗi-shuɗi. Tana kuma da wani naɗin takardar mai faɗin ƙofa. Ta dubi takardar, ta dubi Athol.

Ranar wata Talata cikin zafin Janairu, wanda a nan shi ne tsakiyar bazara, na fito shanya kaya, na leƙa ta saman shinge. Ga Athol a miƙe a tsakar gida, rigingine, daga shi sai gajeren wando, ido rufe, hannuwa a gefe. An zagaye shi da furanni da ganyen turare. Ƙudaje na yawo a fuskarsa, ko gezau. Glenys na tsaye a kansa, ta zuba wa agogon hannunta ido kamar mai lissafin lokacin da rai ya fita.

Ban yi kira ba, ban tambaya ba. Na ruga ɗaki na buga wa motar asibiti waya ina kuka. Kafin ta iso har na yanke shawarar irin kek ɗin da zan kai gidan makoki.

Direban, Clarrie, abokin kamun kifin Athol ne tun ƙuruciya. Ya banko ƙofar shinge da jakarsa, ni ina biye da shi. Glenys ta tare mu da tsintsiya.

"Wanda ya taɓa shi zai gamu da ni! Saura minti goma sha ɗaya."

"Glenys, ki yi haƙuri," in ji Clarrie. "Bari in duba shi."

"Matsa can, inuwarka na ɓata min aiki!"

Sai gawa ta yi magana, ba tare da leɓe ya motsa ba.

"Clarrie, in dai kana ƙaunata, kore min ƙudan nan daga hanci."

Na zauna daɓas cikin tukunyar fure. Clarrie ya cire hula, ya daɗe yana kallon abokinsa.

"Kai tsohon banza, me kake yi a nan?"

"Hoto ake ɗaukata."

"Ina kyamarar?"

"Tambayi uwar gayya. Ni dai an ce in na motsa za a sake daga farko."

Haka muka tsaya mu biyu a inda Glenys ta nuna mana, har mintunan suka cika. Da ya tashi, ƙirjinsa da cikinsa ja zur kamar naman da aka manta a wuta, bayansa fari. Clarrie ya shafe shi da man ƙuna yana dariya har da hawaye, ya ce tunda an fito da mota dole a yi wa wani magani.

A kwamin shayar da tumaki Glenys ta wanke takardar, don babu baho da zai ɗauke ta. Abin mamaki, hoton ya yi kyau. Ga mutum fari-fari kwance cikin launin jan yamma, ganyaye kewaye da shi, inda zufarsa ta zuba ya yi ruwan zinariya. Kansa ne kawai ya fito biyu, saboda ya juya sau ɗaya lokacin da ya ji jiniya.

Ta kai shi gasar hotuna a bikin noma na shekara. Alƙalin gasar, mai kyamarori uku a wuya, ya ce abin da ba a ɗauka da kyamara ba ba hoto ba ne. Aka rataye shi a rumfar saƙa, tsakanin barguna. Can jama'a suka yi layi, rumfar alƙali kuwa sai shi da kyamarorinsa. Athol ya wuni tsaye a gefen hoton, fatar goshinsa na saɓulewa, yana gaya wa kowa cewa shi ya yi aikin wahalar, matar agogo kawai ta riƙe.

Glenys tana nan, ta haura saba'in, yanzu da zuma take shafe takardunta kafin ta tsoma, tururuwa sun hana ɗakin wankin sakat. Ni ce dai na kwana ciki. Bara na zame a bayi na buga waya neman motar asibiti, Clarrie ya ɗauka, ya ce, "To Noelene, kin dai tambayi mara lafiyan tukuna?"