Shekarar Da Na Yi Wa Kotunmu Kwalliya

Abubuwa da yawa tsufa ya kwashe mini daga ka, amma zuwan injiniyoyi kotunmu kam da shi za a binne ni.

Lokacin ni ne magatakardan wata ƙaramar kotu a wajejen Goronyo. Ginin sai addu'a. Kwano ya huje, jemagu sun mai da silin gidan gado, bangon gabas ya tsage har kana hango masu jakai suna wucewa kasuwa. In ruwa ya sauko ana shari'a, mai ƙara da wanda ake ƙara kan kama benci guda su ja shi inda ba yoyo.

Sai labari ya zo cewa gwamnati ta ware kuɗi, za a turo injiniyoyi su duba halin da kotunan Wurno, Rabah da namu ke ciki, don a san masu buƙatar gyara. Alƙalinmu, dattijo mai sanyin hali, yana shirin tafiya Umara. Ya ce, "Magatakarda, in baƙin ga sun taho, ka tarbe su da kyau."

Ni kuwa kalmar "baƙi" kaɗai kunnena ya riƙe. Na rantse ba za a taso daga Sakkwato a raina mu ba. Na kira magini ya cike tsagar, aka shafe bango da farar ƙasa, aka liƙe ramukan silin da kwali aka bi da fenti. Na aro kujeru gidan surukina, har labulen matata sai da na kwance. Ta tsaya bakin ƙofa tana kallona.

"Malam, mi za ka yi da labulena? Amarya za a kai kotun?"

Na ce mata aikin gwamnati ne, ba za ta gane ba.

Ranar da suka zo na sha babbar riga, na turara ɗakin don kashe warin jemagu. Shugabarsu, wata injiniya mai fara'a, ta zagaya, ta ɗaga kai ta dubi silin. Na yi maza na ja su wajen gasasshen kifin da na tanada.

"Malam, ba ku da wata damuwa? Yoyo fa?" in ji ta.

"Alhamdu lillahi, Hajiya, sai godiya."

Da bakina fa! Ta ce da kowa zai kula da ginin gwamnati kamar mu, da aikinsu ya yi sauƙi. Ranar da ƙyar na shiga ƙofar gida don kumburin alfahari.

Bayan alƙali ya dawo sakamako ya fito. Kotunan da suka nuna bokitan tarar yoyo an sa su cikin na gaggawa. Mu kuwa muna sahun masu lafiya, har da yabo. Dattijon ya cire tabarau, ya daɗe yana dubana. "Magatakarda, wa yas sa ka? Tarbe su nac ce ka yi, ban ce ka rufe musu ido ba."

Ruwan farko na damina ya same mu ana shari'ar wasu 'yan'uwa biyu a kan iyakar gonar albasa. Kwalin ya jiƙe, ya ɓalle, ya juye mini kashin jemagu na shekaru a kan hula da kafaɗa. 'Yan'uwan nan da suka daina gaisawa suka kama juna suna dariya. Alƙali ma sai da ya rufe baki da rawani.

Abin da bai ba ni dariya ba shi ne sauran daminar. Gindin dogon yaro muka koma. Tsofaffi su taso daga Giyawa a kan babur, hadari na haɗuwa sai a ɗage shari'a, su koma hannu wofi. Duk wanda ya juya, ni nake jin kunyar kallon bayansa. Sai da injiniyoyin suka sake zagayowa kafin muka samu rufi.

Tun daga nan na gane ba kowane baƙo ake yi wa shara ba. In mutum ya zo don ya ga matsalarka, nuna masa ita ce karramawar. Yanzu ko asibiti na je, likita bai gama tambaya ba na fara tuɓe riga.