Ƙarfen Inji a Firizar Zoɓo

Abubuwa da yawa sun faru a gidanmu na Kinkinau waɗanda yanzu sai an tuna mini, amma ranar da aka kwantar da ƙarfen inji a cikin firizata, tsakanin robobin zoɓo da kunun aya, wannan kam ko tsufa ya rikita ni ba zan manta da ita ba.

Surukina, mahaifin maigidana, wanda duk layinmu ke ce wa Baba, tsohon bakanike ne. Daga Katsina ya zo Kaduna tun yana saurayi, kuma babu injin da bai kwance ba: na babur, na ban ruwa, janareto, har na niƙa. Mutum ne mai faɗa da barkwanci, in yana gida ba a jin muryar kowa sai tasa. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Allah ya taimaka ya tashi, yana takawa da sanda, bakin ya ɗan karkace amma magana tana fita. Hannun hagu ne ya ƙi. Tun daga nan Baba ya shige ɗaki ya yi shiru. Likita ya ce ya riƙa fitowa yana motsa jiki, ya ƙi. Abokansa su zo gaisuwa, ya juya fuska bango. Mu kuwa lallaɓa shi muke yi, ko buta ba ma bari ya ɗauka. In kai abinci, in dawo in ɗauke shi kusan yadda na ajiye. Tsoro ya kama mu sosai, don muna kallon mutum yana ƙarewa a zaune.

Wata rana da hantsi sai ga maigidana, wanda shi ma bakanike ne a hannun Baba ya koya, ya shigo da wani abu a bayan a-kori-kura. Rabinsa babur, rabinsa kwalekwale, ba taya ko ɗaya. Ya ce babur ɗin ruwa ne, na wani Alhaji a Doka, ya daɗe yashe a gindin mangwaro an rasa mai gyara shi. Na ce, "Mu da ruwan famfo ma sai mun yi sa'a, ina za mu kai babur ɗin ruwa?" Bai kula ni ba. Maimakon ya wuce da shi gareji, sai ya sa aka sauke shi a tsakar gida, daidai ƙarƙashin tagar Baba. Na yi mita har na gaji, don nan nake shanya.

Ya ciro injin ya buɗe shi a kan tabarma. Ashe ruwa ne ya shiga ya kwana a ciki, ya ci boris, zoben ƙarfen nan mai 'yan ƙwallaye a ciki da ke riƙe karanshaf, wato dogon ƙarfen nan mai nauyi da ke juyawa a tsakiyar inji. In ka juya boris ɗin da yatsa sai ka ji ƙarar-ƙarar kamar an zuba masa yashi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, maigidana mutum ne marar hayaniya, amma a kwanakin nan duk abin da zai yi sai ya faɗe shi da ƙarfi kamar mai tallan magani a kasuwa. Tagar Baba kuwa ko motsi.

Ranar da ya sayo sabon boris ya ƙwala mini kira. "Zo ki gani! Na babur ne, amma girmansu ɗaya. Ga murfin roba gefe da gefe, ga shi a matse gam. Miƙo mini guduma in buga shi ya shiga, mu huta."

Ni me na sani? Na ɗauko guduma na ba shi. Ya ɗaga ta sama, ya riƙe ta a can, yana ta gyara tsayuwa. Sai muka ji daga cikin ɗaki:

"Kai! Aje gudumar nan!"

Wallahi sai da tsikar jikina ta tashi. Rabon da in ji wannan muryar a haka tun kafin ciwon. Muka ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda, labule ya ɗaga, sai ga Baba yana ƙifta ido a rana, ransa a ɓace. Na ruga na kawo kujera. Bai ko dube ni ba.

"Mi kake shirin yi? Karanshaf za ka buga wa guduma? A hannun wa ka koyi wannan ɓarnar? Ba ni nan in gani."

Ya karɓi boris ɗin da hannun dama, ya juya shi kusa da kunnensa, ya yi tsaki. Ya ce irin wannan injin da man da ke gauraye da fetur yake jiƙa boris ɗinsa, to ta ina man zai shiga in an toshe shi da roba? Ya ce kuma matsewar da maigidana ke yabo ita ce za ta kashe shi, don injin ruwa gudu yake ba hutawa, ƙarfe ya yi zafi ya kumbura, boris ɗin da ba a bar masa ɗan sarari a ciki ba ya cije. Ya sa aka kara masa karanshaf ɗin a kunne, ya saurari boris ɗin da ke tsakiyarsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce waɗannan lafiyarsu ƙalau, na bakin ne suka mutu. Maigidana ya sunkuyar da kai yana ta "To, Baba. Haka ne, Baba." Sannan ya ce shi fa ba lalle ya gane irin wanda ake nufi ba in ya koma kasuwar Panteka.

"Ai na san ba za ka gane ba," in ji Baba. "Ɗiyata, ɗauko mini hulata."

Mutumin da ya ƙi zuwa ko ƙofar gida, ranar sai ga shi a keke mai ƙafa uku, tsohon boris a aljihu. Sun daɗe ba su dawo ba. Maigidana ya ce shago-shago suka bi, Baba yana gwada lambar tsohon da ta sabon, yana kaɗa kowanne a kunne yana mayarwa, tsofaffin abokan sana'arsa suna ta fitowa suna rungume shi. Da suka dawo ya cinye tuwonsa tas, har ya ce miyar ba gishiri. Ban taɓa jin daɗin kushe irin na ranar ba.

Daga nan aka zo kaina. Baba ya ce a naɗe karanshaf a leda a sa a firiza ya kwana, sanyi ya tsuke shi. Na ce, "Baba, zoɓon mutane fa ke ciki!" Ya ce, "Zoɓon ya matsa, baƙo ya zo." Haka na jera robobina gefe guda, aka kwantar da ƙarfen nan a tsakiya, ina addu'ar kada a ɗauke wuta. Wata maƙwabciya ta zo sayen kunun aya, na buɗe firiza, ta leƙa, ta dube ni, ta kasa tambaya.

Washegari da safe Baba ne ya fara fitowa. Ya sa na ɗora tsohuwar tukunya a risho, aka zuba man inji mai tsabta, aka rataya boris ɗin a ciki da waya don kada ya taɓa gindin tukunya. Yana zaune yana tsare da wutar, yana cewa in rage, kada man ya yi hayaƙi. Da ya ga ya yi, sai ya daka tsawa: "Ɗiyata, ƙarfen! Yi sauri!" Na ɗauko shi a guje, sanyi yana cizon hannuna ta cikin tsumma. Maigidana ya tsamo boris ɗin, ya saita shi a bakin ƙarfen, ya sake shi. Sai kawai ya zame sulluɓ, ya zauna a mazauninsa da wata 'yar ƙara. Ba guduma, ba dambe. Na saki guɗa ban sani ba. Da aka zo sa boris na ɗaya bakin, sai na ga Baba ya ɗora hannun hagun nan da ya ƙi a kan ƙarfen, ya danne shi da na dama don kada ya motsa. Na juya na shiga kicin, don hawaye ne suka zo mini.

Da aka gama haɗa injin muka tafi bakin kogin Kaduna gwaji, har da kujerar Baba. Direban Alhajin ya kawo rigar ruwa, maigidana ya saka ya hau. Injin ya yi tari, ya yi tari, sannan ya kama da wata ƙara mai daɗi. Baba ya karkata kai yana saurare, ya ce, "Ka ji lafiyayyen boris." Maigidana ya tsaga ruwa yana ɗaga mana hannu, ya zo zai yi kwana irin ta 'yan acaɓa, sai ji muka yi tsundum! Babur ya mutu ya tsaya gefe, shi kuma ya taso yana furzar da ruwa. Baba ya yi dariya har sandarsa ta faɗi, masu wanki a bakin kogin suna taya shi.

Da maigidana ya fito yana ɗiga, Baba ya kama rigarsa ya jawo shi kusa. "Kai, ɗan nan. Ka ɗauka ban gane ba? Yaron da na koya wa aiki ba ya ɗaukar guduma a kan karanshaf. Tun ranar da ka aje abin nan a tagata na san ni kake gyarawa."

Maigidana ya durƙusa a cikin laka. Baba ya dafa kansa, ya ce gobe a tashe shi da wuri, akwai janareton masallaci da aka ce ya gagari yara.

Baba ya yi shekaru bayan nan yana zuwa gareji, yana zaune a kujera yana faɗa, kowa na kawo masa inji ya saurara. Ni kuma na koyi abin da har yau nake gaya wa duk mai jinyar tsoho: abinci da magani da lallaɓawa duk suna da kyau, amma kada ka karɓe masa komai daga hannu. Ka bar masa abin da sai shi zai iya, ka kuma bari ya ji ana nemansa. Mu mun yi ta kai wa Baba tuwo yana dawowa, ranar da muka kai masa aiki ya cinye tuwon.